Macijin da Ke Bisa Katanga: Lacca Kan Baƙin Tsakar Gida da Ɗaukar Hotonsu

 

An nemi in yi magana a kan macizai masu hawa, irin waɗanda ake tsinta a kan katanga, ko cikin azara, ko a reshen darbejiyar tsakar gida, in kuma haɗa da batun ɗaukar hoton ƙananan halittun da muke kwana muna tashi tare da su. Tun da aka karanta taken na ga wasu sun ɗaga kai suna duban silin. A kwantar da hankali, ban zo da ko ɗaya a jaka ba, ni ba gardi ba ne. Abin da nake so mu tashi da shi yau shi ne, tsoron da muke yi wa maciji yana da dalili, amma mun karkatar da shi inda bai dace ba, kuma wayar da ke aljihun kowannenku za ta iya taimaka mana mu gyara.

Mu fara da tambayar da yara kan yi. Abin da ba shi da hannu, ba shi da ƙafa, ba shi da farce, da me yake hawa? Duk wanda ya taɓa juya mataccen maciji ya san fatar cikinsa ta bambanta da ta bayansa. A ciki ɓawo ne masu faɗi, jere ɗaya bayan ɗaya tun daga wuya har gindin wutsiya, kowanne bakinsa na fuskantar baya. Da su yake kama duk wani ɗan tudu ko tsaga da ya samu. A ƙarƙashin fatar kuma ga ƙashin baya mai gaɓoɓi tsakanin 200 zuwa 400, alhali mu 33 ne da mu, kusan kowace gaɓa da haƙarƙarinta da tsokarta. In zai hau, sai ya lanƙwasa rabin jikinsa na baya ya tokare shi a wani wuri, ya miƙa gaba har ya sami makama, ya tokare can, sannan ya janyo bayan. Wasu macizan bishiya ma ɓawon cikin nasu yana da ɗan kaifi a gefe biyu, shi ya sa suke hawa ɓawon itace a miƙe ba tare da sun nannaɗe shi ba. A 2014 wasu masana biyu a Amurka sun auna ƙarfin da maciji ke damƙar sanda in yana hawa, suka ga yakan riƙe da kusan ninki uku na abin da yake bukata. Ashe shi ma gogan naku tsoron faɗuwa yake yi.

Ku dubi gidajenmu da wannan ido. Katangar laka da ruwa ya zaizaye, bulon da ba a yi wa filasta ba, zana, dangar kara, bututun ruwa, igiyar shanya, reshen mangwaron da ya kwanta a kan kwano, duk matakala ce. Bango mai santsi da aka shafe aka yi wa fenti ne kawai ke ba yawancinsu wahala.

To me ya kai shi sama? Ciki. Maciji ba ya hawa katangarka don ya san kana ciki. Tsaka yake bi, ko ƙadangare, ko ɓeran da ya yi gida a silin, ko jemage, ko ƙwai da 'ya'yan kurciya a sheƙa, ko 'yan tsaki a akurki. Wani lokaci kuma hantsi yake sha, ko ambaliya ce ta kore shi daga rami. Gidan da ke da rumbu, ko buhunan masara a jingine da bango, da tarin itace, da kwata mai tara kwaɗi, ya riga ya aika wa maciji goron gayyata. Shi ya sa ban yarda da masu cewa a zuba kananzir ko gishiri ko baƙin mai a zagaye gida ba. Masu nazarin macizai sun gwada irin waɗannan abubuwa ba su ga sun hana shi wucewa ba. In ka rage ɓera ka rage maciji.

Su wa ke hawan? Wanda aka fi gani shi ne koren siririn nan da a wurare da yawa ake kira damatsiri. Da rana yake yawo, ga sauri, ga manyan idanu, abincinsa tsaka da ƙananan kwaɗi. Ba shi da dafin da zai cutar da mutum, amma ina jin babu macijin da ya sha sanda a ƙasar nan kamarsa, don a fili yake yawo kuma launinsa na ɗaukar ido. Akwai macijin gida mai ruwan ƙasa ko baƙi, mai sheƙi, wanda ke fita da dare yana matse ɓeraye ya haɗiye. Shi ma ba shi da dafi, aikin kyanwa yake yi mana ba ko sisi. Sai wani da ke ba ni tausayi, mai cin ƙwai. Wannan kusan ba shi da haƙori ko kaɗan. Yakan hau bishiya ya haɗiye ƙwan tsuntsu ɗungurungum, wasu ƙasusuwa a maƙogwaronsa su fasa shi, ya shanye ruwan ya amayar da ɓawon. Da yake ba shi da makami, sai ya ari rigar wani: zanen jikinsa ya yi kama da na kububuwa, in kuma ya tsorata sai ya riƙa goga jikinsa yana fitar da ƙara irin tata. Dabarar takan tsare shi daga shaho, amma ita ke jawo masa ajali a hannun ɗan Adam.

Kada wani ya fita daga nan ya ce malam ya ce duk macijin da ke sama ba ya cizo. Akwai biyu da za su ƙaryata shi.

Ta farko gamsheƙa mai tofi. Tana hawa sosai, tana shiga akurki, tana bin ɓera har cikin ɗaki da dare. Farfesa David Warrell, likitan nan na Ingila da ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a farkon shekarun 1970, ya rubuta cewa da yawa daga waɗanda ta sara a wannan yanki suna barci ne a cikin ɗakunansu. Dafinta yana ruɓar da nama, sai a ga mutum ya rayu amma ya rasa yatsa ko hannu ya shanye. Sannan tana fesa dafi daga haƙoranta, tana saitin ido, daga nisan mita biyu ko fiye. In ta sami mutum a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take, a yi ta zubawa ba ƙaƙƙautawa, sannan a tafi asibiti. Kada a murza, kada a ɗiga komai na gargajiya. Gidan sauro da aka cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma yana rage wannan haɗari ƙwarai, ga shi dama muna bukatarsa saboda zazzaɓi.

Na biyun shi ne wanda mutanen Afirka ta Kudu suka sa wa suna bumsilan, masana kuma suna ce masa Dispholidus typus. Yana nan a dazuzzukanmu na sabana, rayuwarsa duk a bishiya, yana cin hawainiya da 'ya'yan tsuntsaye. Namijin yawanci kore ne, macen ruwan ƙasa, tsawonsa kan kai mita ɗaya da rabi, kansa gajere, idonsa ƙato. Matsoraci ne, da wuya ya sari wanda bai kama shi ba. Haƙoran dafinsa suna can baya a baki, shi ya sa aka daɗe ana raina shi, har sai da abin da ya faru a birnin Shikago na Amurka ya faru. Ranar 25 ga Satumba, 1957, gidan namun daji na birnin ya aika wani ɗan ƙaramin maciji gidan tarihin halittu don a gane irinsa. Aka miƙa wa Karl Schmidt, dattijo ɗan shekara 67, ɗaya daga cikin manyan masana macizai na duniya a lokacin. Yana riƙe da shi yana dubawa sai ya sare shi a babban yatsa. Schmidt ya ga macijin ƙarami ne, ya ɗauka abin ba zai yi nisa ba. Ya hau jirgin ƙasa ya koma gida, ya ɗauki alƙalami yana rubuta abin da yake ji sa'a bayan sa'a: tashin zuciya, rawar ɗari, jini daga dasashi, jini a fitsari. Da safe ya karya kumallo, ya rubuta abin da ya ci. Kafin yammacin wannan rana ya rasu, jini ya zuba a cikin jikinsa. Dafin wannan maciji yana hana jini daskarewa, kuma yakan yi sa'o'i masu yawa kafin ya nuna kansa, mutum na ganin ya tsira. Maganinsa na musamman ne, a Afirka ta Kudu ake yin sa.

Abin lura a nan, idon mutumin da ya firgita ba zai raba damatsiri da namijin bumsilan ba. Dukansu kore, dukansu a reshe. Ko sunayen da muke kiran macizai da su sukan sauya daga gari zuwa gari, wanda ake ce wa kaza a Katsina wani ne daban a Bauci. Hoto mai kyau kuwa masani zai duba ya faɗa maka a minti ɗaya.

Yanzu mu sauko ƙasa, don can ne mutuwar take. Macijin da ya fi kashe mutane a arewacin Najeriya ba ya cikin mahaya. Kububuwa ce, 'yar gajera, da ƙyar take wuce rabin mita, launinta launin ƙasa, tana kwance a kunya ko ƙarƙashin dami ko a bakin hanya bayan magariba. Sai kasa, mai kauri, wadda ba ta gudu in ta ji tafiya, lafewa take yi har a taka ta. Manomi da makiyayi da yaron da aka aika ba takalmi ba fitila, su ne macizan nan biyu suka fi sara, musamman lokacin shuka da lokacin kaka. Ku je Kaltungo a Jihar Gombe, inda asibitin saran maciji yake karɓar dubban mutane a shekara, ko Zamko a ƙasar Langtang ta Jihar Filato, ku tambayi wane maciji ya cika gadajen. In ba a sami magani ba, kububuwa kan kashe mutum 10 zuwa 20 cikin kowane 100 da ta sara. Da magani mai kyau kuwa adadin yakan faɗi ƙasa warwas. Akwai maganin EchiTAb iri biyu da aka haɗa da dafin macizan Najeriya, ɗaya ana yin sa a Birtaniya don kububuwa kaɗai, ɗaya a Kosta Rika don kububuwa da kasa da gamsheƙa. Matsalar ita ce tsada da yankewa, da jabun da bai dace da macizanmu ba. Masana irin su Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero sun shafe shekaru suna wannan kuka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta maciji na saran mutum kimanin miliyan 5.4 a shekara, tsakanin 81,000 zuwa 138,000 suna mutuwa. A 2017 ta sanya saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, a 2019 ta ɗaura niyyar rage mace-mace da nakasa da rabi kafin 2030. Namu aikin a ƙasa mai sauƙi ne, amma kullum sai mun saɓa. In tsautsayi ya faɗa, kada a ɗaure da igiya ko roba, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗora baƙin dutse a zauna jira. A cire zobe da warwaro kafin wurin ya kumbura, a kwantar da mutum, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti. Can za su ɗibi jininsa su zuba a kwalba mai tsabta, su bar shi minti 20. In bai daskare ba sun san dafi ya shiga. Masu maganin gargajiya suna cin suna ne saboda sau da yawa maciji kan sari mutum bai zuba dafi ba, ko kuma wanda ya yi saran dama ba shi da shi. Wanda ya warke ya yi ta yabo, wanda kububuwa ta cika wa dafi kuwa ba ya nan balle ya ba da nasa labarin.

Na san akwai malamai a nan da za su tuna mana hadisin Abu Sa'id al-Khudri a Sahihu Muslim game da macizan cikin gida da gargaɗin da ake yi musu, da saɓanin da aka yi kan ko hukuncin ya tsaya ga Madina. Wannan fagensu ne, ba zan yi musu shisshigi ba. Ni dai ban ce magidanci ya bar gamsheƙa a ɗakin 'ya'yansa ba. Abin da na sani shi ne mutane da yawa a wurin kisan ake saransu, hannu ya kusanto, jama'a sun yi da'ira, macijin ya rasa mafita. Muna cewa an kashe maciji ba a sare kansa ba, to ko an sare, kan yana iya cizo bayan wani lokaci. Kada a bar yaro ya ɗauka.

Bari in kai ku wani tsibiri mai nisa, don ku ga iyakar abin da mahayin maciji zai iya, ku kuma ga abin da kyamara ta tona. Guwam tsibiri ne a tekun Fasifik ƙarƙashin Amurka. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wani macijin bishiya mai ruwan ƙasa ya shiga can a ɓoye cikin kayan sojoji. Tsuntsayen tsibirin ba su san maciji mai hawa ba, shi kuma bai tarar da mai cinsa ba. Cikin 'yan shekaru gommai ya share 10 daga cikin nau'o'i 12 na tsuntsayen dajin. Da tsuntsaye suka ƙare gizo-gizo ya cika daji, itatuwan da tsuntsaye ke yaɗa irinsu suka ja baya. Macijin yana hawa turakun lantarki yana haɗa waya da waya, tsakanin 1978 da 1997 an lissafa ɗaukewar wuta fiye da sau 1,600 ta dalilinsa.  Abin ya kai hukuma na jefa matattun ɓeraye daga jirgi mai saukar ungulu, kowanne da ƙwayar farasitamol a jikinsa, don maganin guba ne ga wannan maciji.

Masu son ceto tsuntsayen da suka rage suka kafa musu akwatunan sheƙa a kan sanduna, suka sa wa kowace sanda faffaɗan bututun ƙarfe mai santsi. Suka gwada bututun da macizai, suka kafa kyamara tana ɗauka dare farai. Da suka zauna kallon bidiyon sai suka ga abin da ba a taɓa rubutawa ba. Macijin ya zagaye bututun da jikinsa sau ɗaya, ya harɗe wutsiya da tsakiyar jiki ya yi zobe, ya riƙa matsawa sama kaɗan-kaɗan yana hutawa, kamar mai hawan giginya da igiya. A Janairun 2021 masana daga jami'ar Jihar Kolorado da ta Sinsinati suka buga wannan bincike. Kusan shekara 100 littattafai na koyar da cewa tafiyar maciji iri huɗu ce, kyamarar da aka bari a kunne ta ƙara ta biyar.

To mu dawo tsakar gida. Yawancin hotunan macizai da ake turo mini a WhatsApp na gawa ne, an farfasa kai, an jefar a kwata, sannan a tambaye ni ko mai dafi ne. Ina roƙon a juya tsarin. In ka ga maciji a katanga ko a bishiya, fara janye yara da dabbobi. Tsaya nesa, mita huɗu ko biyar, inda tofi ba zai kai ba, kada kuma ka tsaya a ƙarƙashinsa ko tsakaninsa da hanyar gudunsa. Jawo hoton da yatsa, kada ka jawo shi da ƙafa. Bidiyo ya fi, don hannu na rawa, daga baya ka zaɓi wurin da ya fito sosai. Mai tantancewa yana son ganin jiki gaba ɗaya, da kai ta gefe, da zanen baya, in da hali da wani abu kusa da zai nuna tsawo, ko layin bulo ne. In ka tsinci saɓa, ɗauke ta ita ma, a shimfiɗe, ciki da baya. In kuwa an riga an sari wani, ba a tsayawa farautar hoto. In an samu cikin daƙiƙa biyu, madalla, a nuna wa likita. In ba a samu ba a tafi, likita na iya aiki da alamomin da ke jikin majinyaci.

Maciji kuwa ɗaya ne daga cikin mutanen gidan. Wanda ya fara zama da waya a hannu da hantsi zai yi mamakin yawan maƙwabtan da bai taɓa gaisawa da su ba. Ga jan gwada yana gyaɗa kai a kan katanga, wanda in ka lura za ka ga jan kan nasa yana ƙara turuwa in ya ga kishiya, yana dusashewa in ya tsorata ko gari ya yi sanyi. Ga kulɓa da tsaka, waɗanda muka ɗora wa laifin dafi da kuturta alhali ƙwari suke ci mana. Ga hawainiya da idanunta biyu kowanne na kallon gabansa. Da dare ga bushiya, ga jaɓa da 'ya'yanta a jere kowanne ya kama gindin na gaba. A sama ga kurciya, cilakowa, tsattsewa, hankaka, shirwa, ga shamuwa da ke isowa gab da damina. Tsuntsayen nan ma 'yan rahoto ne. In ka ji sun taru a reshe ɗaya suna ta tsiwa suna kai farmaki, ɗaga kai daga nesa, sau da yawa maciji ne ko mujiya ko kyanwa.

Dabarar ɗaukar ba ta da yawa, haƙurin ne da yawa. Goge gilashin kyamarar tukuna, rabin hotunan da ke fitowa dishi-dishi maiƙon hannu ne. Hasken safe da na la'asar sun fi na tsakar rana, wanda ke ƙone launi ya jefa inuwa mai kauri. Hazon hunturu ma yana tausasa haske. Sa rana a bayanka. Durƙusa ka daidaita da idon dabbar, hoton ƙadangare daga sama hoton ƙasa ne kawai, amma in ka sauko kuka haɗa ido sai ya zama wani abu. Taɓa fuskar wayar daidai kan idonsa don ya fito tar. Wannan durƙuso ban da maciji, shi a tsaye ake ɗaukarsa, ƙafa a shirye. Kada ka bi dabba, zauna wuri ɗaya ta saba da kai. A watannin bazara ɗan kasko da ruwa zai kawo maka tsuntsayen unguwa duka, sai dai a ɗora shi a sama, nesa da ɗakin kwana, a riƙa sauya ruwan saboda sauro.

Wani zai ce, malam, mutum na fama da tsadar masara ka ce ya zauna ɗaukar hoton ƙadangare? Na ji. Amma ku tambayi dattawan da ke wannan ɗaki yadda ungulu take a mahautar Kano ko ta Zariya ko ta Maraɗi lokacin da suke yara. Ba ta ƙirguwa, har korarta ake yi. Yau yaro ɗan shekara goma zai iya girma a birni bai ganta ba. A 2015 aka sanya wannan ungulu ta gari cikin halittun da ke gab da ƙarewa a duniya, saboda guba da farautarta don kasuwar magunguna. Lokacin da take ko'ina ba wanda ya ga amfanin rubuta ta, shi ya sa yanzu da wuya a faɗi daidai shekarar da ta bar kowane gari. Hoton da ke ɗauke da rana da wuri shaida ne. Akwai manhajar iNaturalist, wadda ta faro a 2008 a Jami'ar Kalifoniya, inda za ka ɗora hoto masana daga ko'ina su gaya maka sunan abin, kuma bayanin ya shiga rumbun da masu bincike ke ɗiba. A Jos akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis, wadda tun 2015 take jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da taimakon 'yan sa kai, cikinsu har da ƙungiyar matasan Arewa. A kan duwatsun Jos ɗin nan ne aka gano wani ɗan jan tsuntsu da kimiyya ba ta yi wa suna ba sai 1998. Taswirar macizanmu kuwa har yanzu cike take da gurabu, ga shi da ita ake sanin wane magani ya kamata a kai wane asibiti. Hoton da wata uwa ta ɗauka a bayan rumbunta a Gumel ko Tawa zai iya cike gurbi ɗaya.

Abin yana da ladabi. Kada a ɗaga waya ta kan katangar maƙwabci da sunan bin tsuntsu, akwai iyalin mutane a ciki, kuma ba kowa zai karɓi uzurin cilakowa ba. Kada a taɓa sheƙa ko a kakkarya reshe don hoto ya fito. In ka sami sheƙar ungulu ko mujiya, kada ka bayyana wurin a Facebook, akwai masu nema don sayarwa. Manhajar da na ambata tana ba da damar ɓoye ainihin wurin, a yi amfani da ita, ko don kada a tallata ƙofar gida. Samari kuma masu son riƙe maciji a wuya don a gani a TikTok, ku tuna Schmidt ya fi ku sanin maciji.

Roƙona kafin damina ta sauka: a sare rassan da suka taɓa rufi, a toshe ramukan ɓera da ƙasan ƙofa, a rufe bakin bututun masai da raga, a ɗaga buhunan hatsi daga ƙasa, a matsar da itace da akurki nesa da ɗakin kwana. A saya wa yara takalmi da tocila, kada a aike su da dare ba su. Kowane mai unguwa da ke nan ya tura mutum asibiti mafi kusa ya tambayo ko suna da maganin saran maciji, wane iri ne, in babu ina ake samu, a rubuta amsar a manna a ƙofar masallaci. Ranar 19 ga Satumba ta kowace shekara ce ranar wayar da kai kan saran maciji ta duniya, ina so kafin ta zagayo ɗaliban da ke nan su tara hotunan macizan unguwanninsu, masu rai, kowanne da kwanan wata da sunan gari, mu zauna mu tantance su tare.

 Allah Ya tsare mu da iyalanmu.